Kawu Azab Ya Ƙi Katin Shekara

Kawuna Azab ya iso Alƙahira ranar Lahadi da safe a jirgin ƙasan kudu, da jakar leda ɗaya a hannu da takardar likita a aljihun jallabiyarsa. Na tarye shi a tashar Ramsis. Ni tun daga nesa na hango shi. Shi kuwa sai da na riƙe hannunsa na ce, "Kawu, ni ne Sabri," sannan ya juyo da gefen fuskarsa na dama, ya dube ni kamar mai leƙe ta ƙofar da ba a gama buɗewa ba.

"Ɗan Nafisa," ya ce. "Kai ne ka koma haka? Birni ya cinye ka, ya bar wuya."

Idonsa na hagu ya mutu shekara shida da suka wuce, bayan wani aiki da aka yi masa a can kudu. Ya shiga yana gani dishi-dishi, ya fito bai ƙara ganin komai da shi ba. Yanzu na daman ma ya taso. Yana ta rufe shi, kuma an ce jini ya hau a cikinsa. An sa masa ranar Alhamis, ƙarfe takwas na safe. Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce aikin yana da hatsari, amma idan aka ƙara jira, idon zai tafi da kansa kafin a yanke rake.

Mu mutanen Kuft ne, can kudu. Kakanmu ya yi haƙa, mahaifinsa ma ya yi. Duk inda masu binciken kayan tarihi suka kafa tanti, daga Aswan har bakin teku, idan ka leƙa ramin za ka tarar da ɗan Kuft a durƙushe da cokalin magina da buroshi. Kawu ya fara yana ɗan shekara goma sha biyu, yana ɗaukar kwandon yashi a kafaɗa. Sai da ya haura ashirin aka ba shi cokali. Daga nan ya yi shekara arba'in yana bin ramuka lokacin sanyi, da zafi kuma ya koma gonar rake. Bai iya karatu sosai ba, amma yana iya taɓa ƙasa da yatsa ya ce maka nan bango ne, nan kuma cike aka yi. Ni ban gaji wannan ba. Makaranta na ɗan taɓa, sai na zo birni na kama aiki a shagon guga a Shubra, kuma a saman shagon nake kwana.

A wannan ɗakin muka karya da wake da burodi da ɗanyar albasa. Sai da ya shanye shayinsa ya kife kofin, ya ce, "Ba zan kwanta musu ba sai na ga wata mace."

"Ummu Gamal ta san da wannan maganar?" Matarsa ke nan.

Bai yi dariya ba. "Ta dutse ce, ɗan banza."

Ya ba ni labarin a hankali, ni kuma ban katse shi ba. A Sakkara ne, shekarar da aka ba shi cokali. Ya tono wani ɗan mutum-mutumi na farin dutse, bai fi kamu ɗaya da rabi ba, mace ce a durƙushe tana niƙa. A aikinsu idan abu ya fito, kai dai ka share ƙasar, ka kira Rayis, wato shugaban masu haƙa, ka ja da baya. Manya ne za su zo su ɗauki hoto, su ɗaga, su naɗe, su tafi da shi. Kai kuma a tura ka wani ramin. Tun ranar bai sake ganinta ba, bai ma san gidan tarihin da aka kai ta ba.

"To, idan ba mu same ta ba kafin Alhamis fa?" na tambaye shi.

"Jirgin da ya kawo ni yana komawa."

Na san kawuna. Idan ya faɗi magana da wannan muryar, ko mahaifiyata ba ta iya tanƙwara shi, ita da take babbar yayarsa.

Da rana na zauna da wayata na bincika yadda ake shiga gidajen tarihi. Shekara tara ina birnin nan ban taɓa taka ko ɗaya ba. Na ga wanda ya kai sittin ba ya biya, na yi murna, sai na tuna da katin shaidar Kawu. Kakana bai je ya rubuta haihuwarsa ba sai da aka haifi ƙanensa, ya haɗa su rana ɗaya kamar tagwaye don kada ya biya kuɗin mota sau biyu. Saboda haka a gida Kawu ya haura sittin da biyar, a takarda kuwa hamsin da takwas yake. Sai na ga akwai wani kati da ake yi wa 'yan ƙasa, ka biya sau ɗaya ka yi shekara kana shiga duk gidan tarihin da kake so. Hoto kawai ake kaiwa da katin shaida. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ma yana da nasa katin, ka zuba masa kuɗi ka huta da bin layi.

"Kawu, tunda ba mu san inda take ba, gara mu yi katin shekara," na ce masa. "Idan gida ɗaya ne, tikiti ya fi sauƙi. Amma idan za mu yi ta shiga muna fita, katin zai fanshi kansa."

"Katin me?"

"Na shekara."

"Shekarar wa?"

Bai jira amsata ba.

"So kake in je in tsaya a gaban mutum, in ba shi hotona, ya buga hatimi cewa Azab zai yi shekara guda yana kallo? Wa ya ba ka wannan labarin? Likitan ma bai ba ni Juma'a ba." Ya shafa gwiwarsa. "Ni tun ina yaro ɗan yini ne. In fita da safe, a sallame ni da yamma. Ban taɓa karɓar na gobe ba, ba kuma zan biya na gobe ba. Ka saya mana na yau."

"Na jirgin fa?"

"Shi ma na yau."

Gaskiyar magana, ba sauƙin kuɗin ne ya dame ni ba. Ko da lissafin bai fita ba, da na saya. So nake in riƙe wani abu a hannuna mai hotonsa da kwanan watan baɗi a jiki.

Ranar Litinin muka sauka ƙarƙashin ƙasa. Mutumin da ya shiga kaburbura masu zurfin gaba goma da igiya a ƙugu, sai ga shi ya toge a bakin matakala mai tafiya da kanta. Mutane suna ta bangazarmu. Wani ya ce, "Hajji, ko dai mu ɗauke ka?" Kawu ya damƙe hannuna har sai da na ji ƙashi, ya ce ba ya ganin inda matakin ya fara. Muka zagaya muka bi ta ƙafa. Da muka isa Tahrir, inda tsohon gidan tarihi yake, ƙofar fita ta haɗiye tikitinsa, ya tsaya yana jira ta mayar masa.

"Na biya fa," ya ce.

"Ai ka hau, Kawu."

"Ɓarauniya."

Tsohon gidan tarihin ya fi yadda nake zato girma, kuma a lokacin ana ta kwashe wasu kayan zuwa sabon da ake ginawa a Giza. Ga akwatunan katako a jingine, ga gurabe babu komai sai shatin ƙura. Duk gurbin da muka wuce sai in ce ko nan take. Kawu bai kula manyan sarakunan dutse ba. Yana wucewa ta gabansu kamar maƙwabtan da ba sa gaisawa. Ƙanana yake nema. Can wajen azahar muka shiga wani ɗaki, sai ga su a akwatin gilashi: masu tuya, masu dama giya, da mata har huɗu a durƙushe suna niƙa.

"Kawu! Ga su nan. Wacce ce?"

Ya matso har numfashinsa ya dusashe gilashin. Ya daɗe. Sai ya bi gefen akwatin yana lalube, ya kai ga bango, ya manna kuncinsa a jikinsa yana ƙoƙarin leƙa baya. Akwatin a jingine yake da bangon, ratar da ke tsakaninsu ba ta fi yatsa huɗu ba.

"Me kake nema a nan? Ga fuskokinsu ta gaba."

"Ban san fuskarta ba."

"Kamar yaya?"

"Rub da ciki na same ta. Bayanta na share, da ƙeyarta, da tafin ƙafarta. Kafin a juya ta an tura ni wani ramin." Muryarsa ta yi ƙasa. "Da bayanta zan gane ta. Akwai alama a kafaɗar hagu."

Na dubi matan nan huɗu. Kowacce ta ba bango baya, tana kallonmu da fentin idonta. Wataƙila tana cikinsu, wataƙila tana cikin akwatin katako a hanyar Giza. Mai gadin ɗakin ya taso daga kujerarsa ya tsaya kusa da mu. Na ja Kawu muka fita.

Ranar Talata muka tafi gidan tarihi na Fustat. Na sake sayen tikiti biyu na jirgi, biyu na shiga, na sake kawo maganar kati a bakin taga, ya yi kamar bai ji ba. A can ana iya zagaya yawancin akwatunan, sai Kawu ya saki jiki. Ya riƙa bin bayan kowane mutum-mutumi yana sunkuyawa, 'yan makaranta suna nuna shi suna ƙyalƙyala dariya. Amma ba ta nan. Kafin la'asar ya fara dafe goshi. Ya ce kowace fitila ta yi zobe mai launi-launi, kuma kamar ana danna masa babban yatsa a cikin ido. Likita ya riga ya gaya mana cewa idan haka ta fara, jinin ne yake ƙara hawa.

A tashar dawowa na sake shi na ɗan lokaci don in karɓi canji. Da na waiwaya sai na gan shi yana tafiya kai tsaye zuwa bakin dandamali, gefensa na hagu yana wajen ramin da jirgi ke bi, ga iskar jirgi ta fara kaɗa rigarsa. Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na fizgo shi ta wuyan jallabiya muka zube tare, jirgin ya shigo da ƙara. Wata mata ta yi salati. Kawu ya zauna a ƙasa yana lalubar jakarsa, don duk inda za mu je da ita yake tafiya.

"Na ɗauka bango ne a wajen," ya ce.

Muka koma Shubra. Mahaifiyata ta kira da magariba, na fita waje na ce mata komai lafiya. Ta ce, "Sabri, kada ka bar shi ya hau jirgin nan ya dawo gida ba a yi aikin ba." Na ce to. Ban san da me zan hana shi ba.

Ranar Laraba da safe ya ce mu koma Tahrir.

"Kawu, shiga ta uku ke nan. Da ka bari mun yi katin..."

"Da na bari, da yanzu kana da hotona a aljihu kana kuka a kai. Sayi na yau."

Mai sayar da tikitin ya gane mu. Ya ce, "Hajji, ka sake dawowa? Ko ka bar wani ɗan'uwa a ciki ne?"

"Kakarka na bari," in ji Kawu. "Ta ce in gaishe ka."

Kai tsaye ɗakin masu niƙa muka nufa. Wani mai gadin ne daban, matashi mai gashin baki. Kawu ya jira har wani ayarin baƙi ya shigo ya cika ɗakin, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro ɗan madubin da nake aski da shi. Ban san ya ɗauko ba. A wajen haƙa da madubi suke jefa hasken rana cikin rami, a wurinsa wannan ba wani abu ba ne. Ya durƙusa, ya zura hannunsa da madubin tsakanin akwati da bango, yana karkata shi.

"Kai! Kai, tsoho! Fito da hannunka!"

Mai gadin ya riƙe masa wuyan hannu, wani ya shigo da gudu yana magana a rediyo. Baƙin suka ja baya suna ɗaga wayoyi. Na ji wani yana cewa ɓarayin kayan tarihi ne, dama daga kudu suke zuwa. Na shiga rantsuwa ina cewa kawuna ne, ba ya gani, gobe za a yi masa aiki, amma maganar ba ta fita daidai. Abin da nake gani kawai shi ne Kawu a bayan kanta ranar Alhamis ƙarfe takwas.

Aka kai mu wani ƙaramin ofis a ƙasa. Aka karɓi katunanmu, aka zazzage jakarsa a tebur: jallabiya ɗaya, maganin ɗigawa, carbi, busasshen burodin da Ummu Gamal ta gasa masa. Wani jami'i ya karanta katin ya ce, "Kuft?" Ya dubi hannuwan Kawu, ya fita. Da ya dawo, tare yake da wata mata mai farar riga da tabarau a rataye a wuya. Ya ce ita ce Ustaza Mirfat, tana cikin masu gyaran kayan da suka lalace.

Ta ja kujera ta zauna a gefensa na dama, kamar an gaya mata. "Baba, da wane Rayis ka yi aiki?"

"Rayis Farag, Allah ya jiƙansa."

"Me kake nema a bayan akwatina?"

Gumi yana bin gefen rawanin Kawu. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa kamar na wannan lokacin ba, ko jiya a bakin dandamali.

"Ni na fasa ta," ya ce.

Ya faɗi shekarar, ya faɗi wurin. Ya ce satinsa uku da karɓar cokali. Hannunsa ya zame, bakin cokalin ya ɓantare kafaɗar hagu, ɗan guntu kamar farcen babban yatsa. Wurin ya yi fari fat. A lokacin duk wanda ya fasa abu kwando ake mayar da shi, kuma maganar tana bin gidansu har Kuft. Sai ya tura guntun cikin yashi da diddige, ya tofa yawu a ƙasa ya shafe farin, ya kira Rayis ya ce haka ya same ta. Rayis Farag ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya tafi ramin gabas.

"Kafaɗar hagu," in ji Kawu. "Da idon hagu ya tafi, na ce to, an zo karɓa. Yanzu ga na dama. Ba dutse nake roƙo ba, Ustaza, a'uzubillahi. Amana aka ba ni na yi ƙarya a kanta. Na ce bari in tsaya a gabanta in ga wurin da idona, in faɗa da bakina, kafin su sa min wuƙa." Ya miƙa hannuwansa biyu a kan tebur. "Idan ɗaurewa ne, ku bar yaron nan. Guga kawai ya sani."

Ustaza Mirfat ta cire tabaraunta daga wuya ta ajiye.

"Baba, ka san aikina? Shekara ashirin da biyu ina bin bayanku. Sabuwar karaya da aka shafa wa ƙasa da yawu, fitila ɗaya ake haskawa a gane ta. Ku 'yan Kuft kuna tsammani ku kaɗai kuka san dutse." Ta girgiza kai. "Ban ga takardun ba, ba zan rantse maka ba. Amma da wuya a ce ba a gane ba tun a daren, lokacin da aka wanke ta. Rayis ɗinka kuwa, ai ka ce ya kalle ka."

"Ya kalle ni."

"Washegari ya karɓe cokalin?"

Kawu ya girgiza kai. "Shekara goma sha tara na yi a ƙarƙashinsa," ya ce can. "Shi ya nema min auren Ummu Gamal."

"To."

Ta ɗauko takarda ta ce ya sake faɗa daga farko, ita tana rubutawa: sunansa, da na mahaifinsa, da shekarar, da ramin, da girman guntun, da inda ya tura shi. Ta karanta masa, ya ce haka ne. Ya sa hannu da ƙyar, harafi ɗaya-ɗaya, hancinsa kusan a kan takardar. Ta ce idan aka gano ta, za a haɗa wannan da takardunta, duk mai nazarin da ya zo bayanmu zai san yadda aka yi.

"Tana cikin huɗun nan?" Kawu ya tambaya.

"A'a. Waɗannan sun fi kakanka daɗewa a gidan nan. Taka tana iya kasancewa a rumbun ajiya na Sakkara, ko an riga an kai ta Giza. Ba lamba a hannunka, kayan kuma dubbai ne. Zan tambaya, amma wata uku ne, ko shida, ko fiye." Ta dube shi sosai. "Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Kafin gobe ba za ka gan ta ba."

Aka mayar mana da katunanmu. Jami'in ya miƙo min madubin ya ce in riƙa aski a gida.

Muka fito rana tana dukan dandali. Muka wuce ta gaban tagar tikiti, na buɗe baki zan yi maganar kati, sai na fasa. Kawu ya rungume jakarsa a ƙirji, muka sauka matakala ta ƙafa. Na sayi tikiti biyu na komawa Shubra.

Jirginmu yana bi ta tashar da ke ƙarƙashin Ramsis, inda ake hawa a kama jirgin kudu. Tasha ta uku ce daga Tahrir. Ina ƙirgawa a zuci. Kawu ya ƙi zama duk da wani saurayi ya tashi ya ba shi wuri, ya tsaya dab da ƙofa yana riƙe da ƙarfe. A ta farko bai motsa ba. A ta biyu ya tambaye ni, "Ta gaba ce Ramsis?" Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce ita ce.

Jirgin ya tsaya, ƙofa ta buɗe. Mutane suka yi ta tururuwar fita da akwatuna da buhuna, duk masu tafiya kudu, ina jin irin maganar garinmu a bakinsu. Kawu ya saki ƙarfen. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye a bakin ƙofar. Ban riƙe shi ba. Na san idan na riƙe shi zai fita, ko don ya nuna min. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wata tsohuwa da kwandon tattabaru a ka tana son shigowa, ta ce, "Hajji, ko ka fita ko ka shiga, ba gidanku ba ne." Ya ja da baya ya ba ta hanya. Ƙararrawa ta yi ƙara, ƙofar ta rufe.

Sai da jirgin ya shiga duhu ya ce, "Cewa suka yi kada in ci komai daga tsakar dare, ko?"

"Haka suka ce."

"To ka saya min kifi yanzu. Soyayye. Ba irin waken nan naka ba."

Ranar Alhamis muka isa asibitin tun bakwai. Aka sa masa shuɗiyar riga mai ɗauri ta baya, aka cire masa rawani. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba, ashe duk ya yi fari. Da aka zo tura gadon ya kamo hannuna, tafinsa sanyi ƙalau.

"Idan idon ya tafi, kada ka gaya wa Nafisa a waya. Ka kai ni, ta gani da kanta."

Awa biyu na yi a kan benci. Aka fito da shi da farin bandeji a ido, likita ya ce sai Asabar za a buɗe, kafin nan ba wanda zai iya cewa komai. Na ɗauko mana tasi.

Kwana biyun nan a ɗakina ya yi su, kwance rigingine, ba ya ganin komai. Ba ya son rediyo, ba ya son hira. Lokaci-lokaci sai ya ce, "Sabri, rana ce?" In ce rana ce. Ya ce, "Daga ina take shigowa?" In kama hannunsa in kai shi inda hasken taga ya sauka a bargo, ya bar shi a nan har hasken ya gusa. Na ƙone kwalar rigar wani malami a shago ranar Juma'a, maigidana ya dube ni, ya ce in hau sama kawai.

Asabar da safe likitan ya zaunar da shi, ya rage fitilar ɗakin, ya fara ɓare filastar a hankali. Na tsaya a jikin ƙofa. Aka ɗaga audugar. Fatar idon ta kumbura, ta yi ja. Kawu ya ƙi buɗewa.

"Buɗe, Hajji," in ji likitan.

"Bari tukuna."

"Ko mu bar shi sai gobe?"

Ya buɗe. Hawaye ya zubo, ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. Ya juya kansa hagu, ya juya dama. Likitan ya ɗaga yatsu a gabansa ya ce, "Nawa?"

Kawu bai dubi yatsun ba. Fuskar likitan ya ƙura wa ido, ya matso, ya ƙara matsowa.

"La'ilaha illallahu," ya ce. "Sabri, wannan yaron ne ya yanka min ido? Ko gemu bai gama fitar masa ba!"

Likitan ya yi dariya har da dafa tebur. Ya ce ganin zai kasance ƙunci, kamar ta bakin bututu, kuma maganin ɗigawa safe da yamma har ƙarshen rai. Ramuka da ƙura kuwa an gama. Ya ce wata guda kada ya sunkuya, ko takalmi ne ya faɗi.

"Sallah fa?" in ji Kawu.

"A zaune, Hajji."

Na fita baranda don in kira mahaifiyata.